Sabbin Na'urori a Sashen Gaggawa: A Ji Ta Bakin Masu Dutin Dare Kafin a Sa Hannu a Kwangila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da yake ƙara shigowa asibitocinmu na jihar Katsina, wato sanya kwamfuta da sabbin na'urori a sashen taimakon gaggawa, wanda jama'a suka fi kira imajensi. Na shafe mafi yawan shekarun aikina na jinya a wannan sashe kafin in yi ritaya, kuma har gobe ƙannena a sana'a suna kawo mini labarin halin da ake ciki. Duk lokacin da aka yi bikin ƙaddamar da sabbin kayan aiki, jawabai sukan tsaya a kan kuɗin da aka kashe da ƙasar da aka sayo kayan, ba a cika jin wanda ya tambayi yadda aikin dare zai kasance daga ranar da aka jona su ba. Alhali kuwa duk na'urar da ta shiga wannan sashe sai ta sauya jerin yadda ake aiki: wa zai fara taɓa majinyaci, me za a fara yi masa, ina hankalin ma'aikaci zai koma, kuma wa za a tuhuma idan abu ya ɓaci. Wannan sauyi a kan ma'aikata yake sauka, kuma shi ne ba a lissafawa a takardar kwangila.

Kada mai karatu ya ɗauka wani tsoho ne yake kewar zamanin kati da biro. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarfe biyun dare yana jiran a buɗe ɗakin kati a nemo fayil ɗin mai ciwon suga da aka kawo a sume, ko ya yi ta juya takardar magani yana ƙoƙarin gane ko 5 likita ya rubuta ko 50, ba zai yi wa kwamfuta ƙiyayya ba. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin da ke cikin jini, da wadda ke auna suga da ɗigon jini ɗaya, sun sa abin da a da sai an yi kirdado yanzu ana ganinsa cikin daƙiƙu. Likitan da yake shi kaɗai a asibitin wata ƙaramar hukuma yana iya aika hoton karaya ga ƙwararren likitan ƙashi a Katsina, a gaya masa ko a ɗaure a can ko a taho da mutumin. Wannan alheri ne, babu mai musu. Maganata a kan yadda ake shigo da kayan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne rajista. Mafi yawan manhajojin asibiti an ƙera su ne da tunanin mai zuwa ganin likita da ƙafarsa: ya faɗi sunansa da shekarunsa da lambar wayarsa, ya biya kuɗin kati, a ba shi lamba, sannan hanyar ɗakin gwaji da ta ɗakin magani su buɗe masa a cikin kwamfuta. A imajensi kuwa abin a juye yake. Jami'an kiyaye haɗura sukan iso da mutum 5 ko 6 a lokaci guda daga hanyar Daura ko ta Kano, wani a sume, babu ɗan'uwa tare da shi, babu katin shaida a aljihunsa, wayarsa ta tarwatse a wurin hatsarin. Babu wanda ya san sunansa a wannan dare, amma dole a gwada rukunin jininsa nan take. A zamanin takarda, nas kan rubuta "namiji, ba a san sunansa ba, mai shuɗiyar riga" a jikin kwalbar jini da takardar gwaji, masinja ya ruga da su. Idan manhaja ta ƙi karɓar umarnin gwaji sai an cike suna da adireshi da shaidar biya, to an ƙwace wa nas wannan dabara ba tare da an ba ta wata a madadinta ba. Na ga daren da haka ta faru a wani asibiti. Nas tana danne da rauni da hannu biyu jini yana bin yatsunta, likita yana laluben jijiyar da zai sa ruwa, mai yanka kati yana gaban allo yana cewa sabis ya ɗauke, 'yan rakiya kuma suna bakin ƙofa suna ɗaga murya domin a zatonsu wulaƙanci ake yi musu. Wanda ya zaɓi manhajar yana gida yana barci, wadda ta sha zagi a daren ita ce nas ɗin.

Doka ta riga ta yi magana a kan wannan. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko biyan kuɗi a gaba ba, kuma mu a Katsina mun san muhimmancinta fiye da yadda muke so. To idan doka ta ce a fara magani, manhaja kuma ta ce a fara biya, ma'aikacin da ke tsakaninsu ko dai ya saɓa wa doka, ko ya kewaye manhaja gobe sashen kuɗi ya aiko masa da takardar tuhuma a kan maganin da ya fita babu rasit. Komai yawan horon da aka ba shi ba zai fitar da shi daga wannan tsaka-mai-wuya ba. Hukunci ne da ya rataya a wuyan shugabannin asibiti su yanke a rubuce, a kuma gina shi cikin manhajar tun kafin a jona ta.

Ba mu ne farkon cin karo da wannan ba. A Oktoban 2002 wani babban asibitin yara a birnin Pittsburgh na Amurka ya koma rubuta umarnin magani ta kwamfuta, kuma cikin kwana 6 aka shimfiɗa tsarin a duk asibitin. Binciken da likitocinsa suka wallafa a 2005 ya nuna cewa a cikin yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci a mawuyacin hali, mace-mace sun tashi daga kashi 2.8 cikin 100 zuwa kusan kashi 6.6. Dalilan da suka lissafa, duk wanda ya taɓa dutin dare zai gane su. A da, tun yaro yana hanya ake rubuta magungunansa a tanada, sabon tsari kuwa ya hana a rubuta komai sai ya iso an yi masa rajista. An kwashe magungunan gaggawa daga ɗakin jinya an mayar da su babban ɗakin magani. Likita ɗaya ya koma zaman gaban kwamfuta yayin da wani yake kan yaron, maganar baki da baki tsakanin likita da nas kuma ta ragu. Masana sun yi ta muhawara a kan ko manhajar ce sanadi ko yadda aka shigo da ita. Abin da ya ƙarfafa ra'ayi na biyu shi ne, wani asibitin yara a Seattle ya sa irin wannan manhaja daga baya, amma ya ɗauki lokaci yana shiri tare da likitocinsa, ya tanadi jerin umarnin gaggawa da aka riga aka tsara, bai kuma ga ƙarin mace-mace ba.

Sai batun lokaci da ƙarancin hannu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya bi diddigin likitocin sashen gaggawa na wani asibiti, ya tarar fiye da kashi 40 cikin 100 na lokacinsu yana tafiya wajen shigar da bayanai, kashi 28 kacal suke yi a kan majinyaci, kuma a dutin awa 10 mai cunkoso likita kan latsa linzamin kwamfuta kusan sau 4,000. Can ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa. A nan, inda nas biyu kan raba dare a kan gadaje cike har da masu kwanciya a ƙasa, kowane minti da aka ba allo daga bakin gadon wani aka ɗebo shi. Abin da ya fi muni, asibiti ba ya yarda ya saki takarda saboda tsoron ɗaukewar wuta, ba ya kuma yarda ya saki kwamfuta saboda an kashe mata kuɗi, sai a wayi gari an gudu ba a tsira ba: ma'aikaci yana rubuta abu ɗaya a fayil, ya rubuta a babban littafin rajista, sannan ya shigar a allo. Idan aiki ya yi zafi akan tara shigarwar har asuba, a zauna a yi ta gaba ɗaya daga abin da aka iya tunawa. Ranar da aka zo bincike kwamfuta za ta nuna cewa ƙarfe 5:40 na asuba aka yi wa majinyaci allura, alhali tun ƙarfe 1:00 aka yi masa, kuma babu mai fifita maganar nas a kan rubutun na'ura.

Haka batun lambar sirri yake. Idan kwamfuta ɗaya ce a sashe, shiga da fita kuma yana cin lokaci, abin da ake yi shi ne mutum ɗaya ya buɗe da sunansa da magariba kowa ya yi ta aiki a kai har safe. A wurin hukuma wannan saɓa ƙa'ida ne, a wurin masu aikin kuwa babu wata hanyar da aiki zai tafi, kuma duk kuskuren da aka yi a daren mai sunan ne zai amsa. Shugaban da ya ga ma'aikatansa suna kewaye tsari, kamata ya yi ya fara tambayar abin da tsarin ya hana su yi kafin ya nemi wanda zai hukunta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taro ba saboda kunya. Babbar nas da ta yi shekara 25 tana aiki, wadda daga jin numfashin yaro take gane cewa ba zai kai asuba ba in ba a yi wani abu ba, sai ka same ta tana jiran ɗan bautar ƙasa ko ɗalibar da ta zo koyon aiki ta nuna mata inda za ta latsa. A al'adarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu sukan daure su koya, wasu su ja baya su bar wa yara allon, sai aikin ya rabu gida biyu, mai sanin majinyaci daban, mai rubuta bayaninsa daban. Wasu kuma su nemi a mayar da su wani sashe, imajensi ta rasa mutanen da ta fi buƙata. Akan kira wannan ƙin ci gaba, ni kuwa ina ganin laifin na yadda ake ba da horo ne. Akan shirya taron kwana biyu a otal, a gayyaci shugabannin sassa, a nuna musu hotuna a majigi a raba alawus, masu dutin dare suna gida suna ramuwar barci, masinjoji da direbobin motar asibiti ba a ma tuna da su ba. Ba da jimawa ba a yi canjin wurin aiki, da yawan waɗanda aka horar su tafi, wasu ma su bar ƙasar gaba ɗaya. Horon da ke zama shi ne wanda aka yi a cikin sashen, a kan na'urar da za a yi aiki da ita, a dutin safe da na rana da na dare, tare da wani daga cikin ma'aikatan da aka rage wa ayyuka domin ya riƙa tsayawa kusa da 'yan'uwansa a makonnin farko. A waɗannan makonni aiki yakan yi nauyi kafin ya yi sauƙi, saboda haka lokaci ne na ƙara hannu.

Game da wuta da sabis ba sai na tsawaita ba, domin kowa shaida ne. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi fiye da 10 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, aka yi watanni a haka, kuma daga waɗannan yankuna aka fi kawo masu raunin harbi. Duk tsarin da aka shimfiɗa da zaton wuta da intanet za su kasance kullum, ba don Katsina aka yi shi ba. Kowane sashe yana buƙatar akwati a ajiye ɗauke da takardun gwaji da na magani da lambobin wucin gadi, da rubutaccen bayanin wanda ke da ikon cewa a koma takarda da wanda zai shigar da bayanan idan wuta ta dawo, a kuma riƙa atisayen haka lokaci-lokaci, domin muna yaye matasan da ba su taɓa gudanar da dare da biro kaɗai ba.

Na'urar tace oksijin daga iska ta isa misali a kan cewa kowane sabon kaya da aikinsa yake zuwa. Ta rage dogaro da tukwanen oksijin da sai an yi tafiya kafin a cika su, amma wuta take ci babu tsayawa, kuma tana da soso mai tare ƙura wanda a lokacin hunturu a Katsina ko Daura ba ya daɗewa yake toshewa. Idan ba a wanke shi ba, ko sinadarin da ke cikinta ya gaji, na'urar za ta ci gaba da ƙara, ruwan kwalbarta yana ta kumfa, uwa tana zaune hankalinta kwance ɗanta yana kan oksijin, alhali abin da ke fitowa ya yi rauni ƙwarai. Sai da ma'aunin ƙarfin oksijin ake tabbatar da haka. To wa aka ɗora wa wanke soson? Wa ke riƙe da ma'aunin? A wane gurbi na kasafin kuɗi aka sa batir da kayan gyara? Idan babu amsa, aikin yakan faɗa kan nas ko a rasa mai yi, daga nan na'urar ta koma ɗakin ajiya inda wasu irinta suke jibge cikin ƙura. Muna da makarantun koyon aikin lafiya a Daura da Kankiya, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina da ta tarayya a Daura. Babu abin da zai hana a yaye masu gyaran kayan asibiti a gida, a buɗe musu gurbi da matakin albashi a manyan asibitoci, maimakon jiran injiniya daga Legas ko Abuja a kan fis ɗin da ya ƙone.

Ita kanta na'urar da ke aiki lafiya tana da iyaka, kuma sanin iyakar yana cikin horo. A Disamban 2020 likitoci a Jami'ar Michigan sun nuna cewa 'yar na'urar yatsa ta fi kuskure a kan baƙar fata: a cikin waɗanda ta nuna oksijin ɗinsu yana kashi 92 zuwa 96 cikin 100, kusan kashi 12 cikin 100 na baƙaƙe oksijin ɗin jininsu yana ƙasa da 88 a haƙiƙa, a fararen fata kuwa abin bai kai kashi 4 ba. Mu kuwa majinyatanmu baƙaƙe ne. Ga kuma sanyin hannun wanda ya zubar da jini, ga baƙin lalle a yatsun mata, ga na'urori masu arha da ake sayarwa ba tare da an tantance ingancinsu ba. Ma'aikacin da aka koya wa karanta lamba kawai zai ga 94 ya wuce, wanda aka koya wa duban mutum kuwa zai ga ƙirjin yaro yana lotsawa idan ya ja numfashi ya tsaya.

A wajen asibiti ma zancen ɗaya ne. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ware lamba 112 domin kiran gaggawa kyauta. Dokar 2014 ɗin nan ta keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, wanda aka tsara zai ɗauki nauyin jinyar awa 48 na farko. Tsari ne mai kyau. Sai dai kiran waya ba ya kai mutum asibiti sai akwai mota da mai a cikinta, da direba a farke, da wanda ya san abin yi a hanya, da kuma wani a asibiti wanda aikinsa ne ya ɗaga waya ya ce akwai gado da jini ko babu. Wannan na ƙarshe sabon aiki ne da sai an ware masa mutum. Mai karɓar kiran kuma dole ya san gari, domin mutanenmu ba da lambar gida suke kwatance ba. Za a ce masa ya shigo ta Ƙofar Marusa ya yi dama, ko rugar da ke gabas da makarantar firamare, wani ma da Fulatanci zai yi bayanin.

Misalin da na fi so shugabanninmu su duba, da hannun 'yan gida a cikinsa. A Mayun 2023 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Sabon kayan aikin da aka kawo leda ce da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, mai aljihu da layukan awo a jikinsa, domin ungozoma ta ga yawan jinin da ya zuba da idonta. Amma an haɗa ledar da sauya ƙa'idar aiki: da zarar jini ya kai layin, za a yi matakan gaba ɗaya a lokaci guda, murza mahaifa da allurar tsuke ta da allurar tsayar da jini da ƙarin ruwa da duba inda jinin ke fitowa, ba tare da jiran ɗaya ya gaza kafin a gwada na gaba ba. An tara kayan a wuri ɗaya kusa da hannu, an yi atisaye a cikin asibitin, an zaɓi jagorori daga ma'aikatan wurin, ana kuma dawo musu da alƙaluman aikinsu su gani. Abubuwan da ake aunawa, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa ta dalilinsa, sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Da raba ledar kawai aka yi aka tafi, ba na jin za a samu wannan sakamako.

Ko bayanan da kwamfuta ke tarawa, amfaninsu yana ga halin shugaba. Tana rubuta lokacin da majinyaci ya iso da lokacin da aka gan shi da sunan wanda ya gan shi. Shugaba yana iya amfani da wannan ya riƙa farautar wanda ya yi jinkiri, ma'aikata kuma su koyi gyara lambobi don kare kai, daga nan alƙaluman sun tashi daga aiki. Yana kuma iya ɗaukar su ya je gaban Hukumar Kula da Asibitoci ya nuna lokutan da aka fi cunkoso, kamar damina da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ya nemi a daidaita yawan ma'aikata da su. Sannan hoton rauni da aka aika ta WhatsApp don neman shawara yana nan zaune a wayoyin mutane. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka asibiti ne ya dace ya samar da wayar aiki da ƙa'idar abin da za a ɗauka da lokacin gogewa, kada a bar kowa da wayarsa da datarsa.

Ranka ya daɗe, roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da Hukumar Kula da Asibitoci da shugabannin asibitocin tarayya da ke Katsina da Daura shi ne, kafin a sa hannu a kwangilar duk wata manhaja ko na'ura da za ta shiga imajensi, a zaunar da nas mai dutin dare da mai yanka kati da ma'aikacin ɗakin gwaji da na ɗakin magani, a gwada kayan a gabansu da misalin mutanen da aka kawo a sume babu suna babu kuɗi. Idan manhajar ba ta iya buɗe fayil da lambar wucin gadi cikin daƙiƙu ta bar zancen biya zuwa baya ba, a mayar wa mai ita ya gyara. A fara da asibiti ɗaya, a auna mintocin da ke tsakanin isowar majinyaci da fara yi masa magani kafin a jona da kuma bayan wata 3, a kafe sakamakon inda ma'aikata za su gani. Kwamitin lafiya na Majalisar Dokoki, idan ya zo duba kasafi, ya nemi a nuna masa kuɗin horo da gyara da batir na shekarun da za su biyo baya kusa da kuɗin saye. Ƙungiyoyinmu na ma'aikatan jinya da ungozomomi da ta likitoci kuma su nemi wakilci a kwamitin sayen kaya da irin himmar da suke neman alawus, su riƙa tattara rahoton duk daren da na'ura ta kawo jinkiri ba tare da ambaton sunan ma'aikaci ba, su miƙa wa hukuma duk bayan wata 3.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani ma'aikacin jinya mai ritaya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.